Yayata ta daina shan magani, ta ce mun mayar da ita ƙaramar yarinya

Assalamu alaikum Anti. Daga Jekadafari a Gombe nake rubuto miki. Yayata ta daɗe tana fama da ciwon damuwa, tun bayan mutuwar aurenta. Likita ya ɗora ta a kan amitriptyline. A gida an hana ta ɗinki don kada ta wahala, mu ke karɓo mata magani, mu ke yi wa likita bayani. Kwanan nan na tarar da ƙwayoyin a ƙarƙashin katifarta, ashe ta daina sha. Ta ce suna sa ta makara sallar asuba, kuma ta gaji da a riƙa yanke shawara a kanta tana zaune. Wasu dangi kuma cewa suke ƙarancin tawakkali ne. Anti, ya zan yi?

Wa alaikumussalam 'yata. Allah ya ba Yaya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abin da ta faɗa gaskiya ne. Amitriptyline kan sa nauyin barci da bushewar baki, likitoci sun san da haka. Likita na iya rage adadi, ko sauya lokacin sha, ko mayar da ita kan wani kamar fluoxetine da bai cika sa barci ba. Yanke magani haka kawai na iya dawo da ciwon, don haka ku koma wurin likitanta, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, cikin makon nan. Amma wannan karon ita za ta yi bayani da bakinta, ke ki zauna gefe. In ta fi so ki jira a waje, ki jira. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ma ta ba mai jinya haƙƙin a sa shi cikin tsara jinyarsa.

Keken ɗinkinta fa, ku mayar mata. Na san tausayi ne ya sa aka karɓe, amma zaman haka nan ƙara nauyin zuciya yake yi. Ki tambaye ta me take so ta fara da shi, ko da rigar yaro ɗaya ce a mako.

Masu zancen tawakkali ki ce musu mai ciwon suga ma yana addu'a yana shan magani.

Ƙwayoyin da ta tara kuwa suna da haɗari sosai in aka sha da yawa. Ki karɓe su da saninta, ba a ɓoye ba, sannan ki tambaye ta cikin natsuwa ko tunanin kashe kanta na zo mata. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.