Kafin a Haska Miki Fuska: Amsoshin Tambayoyinku kan Na'urar IPL

Tallar wata na'ura mai suna IPL (Intense Pulsed Light, wato haske mai ƙarfi da ake walƙawa a fata) ta yi yawa a shafukan gidajen gyaran jiki, ana cewa haskenta na kawar da ƙuraje da tabo da jan fuska. Saƙonni huɗu na zaɓo daga cikin waɗanda suka shigo a kanta.

Tambaya: Anti, shekarata 34, wankan tarwaɗa ce ni. Na daɗe ina shafa wani mai na haɗi, da farko fuskata ta yi fes. Yanzu kumatuna sun yi ja, ana ganin siraran jijiyoyi, ga ƙananan ƙuraje, in na shiga rana ko na tsaya gaban murhu sai raɗaɗi. Wani gidan gyaran jiki ya ce IPL ne maganina, zama shida, kuɗin ya kai albashina na wata biyu. In biya? — Wata baiwar Allah, Kano

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Bari ki ji abin da na'urar ke yi, sai ki gane dalilina.

A cikin kan na'urar akwai fitila mai iskar zenon wadda ke walƙa haske mai tsananin ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Mutane na kiranta leza, amma ba leza ba ce. Leza zango ɗaya na haske take fitarwa, ita kuwa IPL zanguna ne masu yawa a haɗe, daga wajen nanomita 500 zuwa 1200 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske), sai a sa matata a gabanta a tare waɗanda ba a so. Idan hasken ya ratsa fata, abin da ke da launi shi ke shanye shi ya koma zafi. Jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyi ya sha, jijiyar ta ƙone ta rufe, jiki ya share ta a hankali. Wasu likitoci biyu a Amurka, Anderson da Parrish, su suka bayyana wannan dabara a 1983, kuma a 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar IPL ta farko, don maganin siraran jijiyoyin ƙafa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba jini kaɗai ke shan hasken ba. Melanin, sinadarin da ya ba fatarmu launinta, shi ma yana sha, kuma shi ne a sama, hasken da shi zai fara cin karo kafin ya kai ga jijiya. Kin san yadda baƙar abaya ke ɗaukar zafi a ranar bazara fiye da farin mayafi. Haka fatarmu take a gaban fitilar nan. Ƙarfin da zai wuce ta fatar Baturiya salin-alin ya je ya ƙone jijiya, a fuskarki zai iya tsayawa a sama ya ƙone fatar kanta. Abin da ke biyo baya shi ne bororo, saluɓewa, sannan tabo baƙi ko fari, wani lokaci mai kusurwa huɗu daidai da bakin gilashin da aka danna, jere-jere a kunci. Baƙin tabon kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Farin kuwa yakan ƙi tafiya.

Likitocin fata na da ma'auni da Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya fito da shi a 1975, wanda daga baya ya zama aji shida, daga fatar da rana ke ƙonawa nan take zuwa baƙa sosai. IPL ta fi dacewa da aji na ɗaya zuwa na uku, na huɗu sai da taka-tsantsan. Yawancinmu muna aji na biyar da na shida ne. Kuma hasken da mai ya sa miki bai sauya ajinki ba, domin ƙwayoyin da ke yin melanin suna nan, da an taɓa su da zafi za su zubo da launi fiye da na da.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma shi ne man nan. Ja, siraran jijiyoyi, ƙuraje da raɗaɗi bayan doguwar shafa, alamu ne da aka sani na ɓarnar sitiroid, wani rukunin magungunan kumburi da ake zubawa a mayukan haskaka fata. Ɗauko kwalin ki duba ko akwai clobetasol ko betamethasone. In haɗi ne da aka zuba miki a roba babu rubutu, ki ɗauka akwai. Sitiroid na sa fata ta yi siriri, jijiyoyin su buɗe, kuma ranar da kika daina sai fuska ta yi bore, ki koma ki shafa ta lafa, haka ake ta zagaye har shekaru su tafi. Fatar da ta yi laushi haka ita ce mafi saurin ƙonewa a ƙarƙashin fitila.

Ki je asibitin da ke da sashen fata, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, ki tafi da duk mayukan da kike shafawa a leda, kada ki ji kunyar likita. Shi zai tsara yadda za a janye ki daga man, ya ba ki abin da zai kwantar da boren, don makonnin farko akwai wuya, fuska takan ƙara lalacewa kafin ta fara dawowa. Akwai kuma dalili na biyu na ganin likita: cutar lupus na sa ja a kumatu da karan hanci, kuma haske na cikin abubuwan da ke tayar da ita. Mai gidan kwalliya ba ta da gwajin jinin da zai bambance ta da sauran. Idan fata ta warke aka ga jijiyoyin sun ƙi ɓacewa, a nan ne za a yi maganar na'ura, kuma ga launinki an fi zaɓar lezar Nd:YAG mai nanomita 1064, wadda melanin bai cika shan haskenta ba.

Tambaya: Ina zaune a Ingila, fara ce ni sosai, mahaifiyata Balarabiya ce. Likita ya tabbatar ina da rozeshiya, ciwon fatar nan mai sa jan fuska da ƙuraje. Magani ya rage ƙurajen amma jan bai tafi ba, sai ya ba ni shawarar IPL, kuma da kuɗina zan yi. Zai warkar da ni gaba ɗaya? — Maman biyu, Manchesta

Amsa: Maman biyu, ke kam kina cikin waɗanda na'urar ke yi wa amfani, tunda an san sunan ciwon kuma launinki ya ba da dama. Magunguna irin su metronidazole da ivermectin na shafawa, da doxycycline na sha, sun fi aiki a kan ƙuraje. Jijiyar da ta riga ta buɗe ba ta jin su, haske ne ke rufe ta. Sai dai rozeshiya ciwo ne mai zama da mutum. Ja zai ragu, zafin fuska zai yi sauƙi, amma da tafiyar lokaci sababbin jijiyoyi kan fito, mutane da yawa na komawa a sake taɓa musu sau ɗaya ko biyu a shekara. Ki sa wannan cikin lissafinki tun yanzu.

Yawanci zama uku zuwa biyar ake yi, da tazarar mako uku zuwa huɗu. Za a wanke fuska tas, a shafa wani sanyayyen ruwa mai kauri, a rufe miki ido, sannan a riƙa ɗora gilashin ana walƙawa. Kowace walƙa na zuwa da ɗan zafi mai tsini da ke wucewa nan da nan. Cikin rabin awa an gama. Fuska za ta yi ja, ta ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu.

Ki nemi a fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne, a jira kwanaki a ga yadda fatar za ta yi, don masu jinin Afirka ko na Larabawa kan yi tabo daga baya ko da fatarsu fara ce. Kada ki je da kwalli ko jagira, kada ki yarda a haska ba tare da an rufe idon ba, domin baƙin ido ma melanin ne. Ki gaya musu duk maganin da kike sha, musamman doxycycline da ke sa fata saurin jin haske, da isotretinoin, kuma ki faɗa in kina da ciki ko kina yawan yin ƙurjin zazzaɓi a leɓe. In kin zo gida hutu rana ta dafa ki, a ɗage zaman da makonni. Bayan haka sai kiyaye abin da ke tayar miki da shi: rana, tururin girki, shayi mai zafi, yaji da ɓacin rai.

Tambaya: Tun cikina na biyu wani duhu ya shimfiɗu mini a kumatu da goshi, bai tafi ba. Bikin ƙanwata saura wata ɗaya, mai mana dilka ta ce tana da IPL, zama biyu zai share shi. — Uwargida, Maraɗi

Amsa: Uwargida, abin da kika kwatanta ya yi kama da melasma, kuma a duk ciwukan fuska babu wanda nake jin tsoron a kai wa wannan fitila kamarsa. Sinadaran jiki na lokacin ciki, ƙwayoyin tazarar haihuwa, rana da zafi su ke hura shi. Ko a fararen fata IPL kan dusar da shi ne na ɗan lokaci ya dawo, a baƙar fata kuwa yakan dawo da duhun da ya fi na farko. Wata ɗaya kafin biki lokaci ne da ba a gwada sabon abu a fuska, balle bayan dilka da halawa sun murje fata.

Abin da ke aiki a hankali yake yi. Man kariya daga rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyarsa da ke jikin kwalin) 30 ko sama, kowace safiya, an fi son mai ɗan launi wanda ke ɗauke da iron oxide, saboda yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun a irin fatarmu. Sannan likita na iya rubuta azelaic acid, ko hydroquinone na 'yan watanni ƙarƙashin kulawarsa. Kada ki saya da kanki ki yi ta shafawa, don doguwar shafarsa na jawo wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ya fi melasma wuyar magani. Ranar biki kuwa, mai kwalliyar da ta iya aikinta za ta rufe shi da hoda.

Tambaya: Ƙurajen aski sun addabi wuyana da haɓata. Na ga ƙaramar na'urar IPL ta gida a intanet, an ce tana kashe gashi. Baƙi ne ni. In saya? — Wani ma'aikaci, Kaduna

Amsa: Malam, kada ka saya. Hankalinka ya kai inda ya dace, domin gashin da ke lanƙwashewa ya koma cikin fata shi ke kawo ƙurajen, kuma rage gashin na rage su. Amma na'urorin gida an yi su ne don mai farar fata da baƙin gashi, inda haske zai bar fata ya bi gashin. Na kamfanonin da aka sani, irin su Philips da Braun, suna da ma'aunin launi, in fatar ta cika duhu sai su ƙi walƙawa, ka ga kuɗinka ya tafi a banza. Masu arahar da ba su da suna kuma ba lalle suna da wannan kariya ba, za su walƙa su ƙone ka. Takardun irin waɗannan na'urori ma kan hana maza amfani da su a gemu. Idan kana cikin masu yin tabo mai tudu bayan rauni, ƙuna a wuya ko haɓa babbar matsala ce.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka huta da aski na wasu makonni har ƙurajen su kwanta. Bayan nan ka bar reza, ka koma kilifa, a bar gashin da ɗan tsawo, a bi yadda ya kwanta, kada a ja fata lokacin aski. Ka riƙa zuwa shagon aski da kilifarka. Likita zai iya ƙara maka benzoyl peroxide ko adapalene na shafawa. In duk wannan bai yi ba, lezar Nd:YAG ce ake amfani da ita a baƙar fata. Kafin ka zauna, ka tambayi sunan na'urar da zangon haskenta, ka tambayi wane ne zai riƙe ta da kuma likitan da ke kula da wurin, ka nemi ganin hotunan masu launinka da aka yi wa. Kuma ka sani gashin da leza ta kashe ba ya dawowa yadda yake, don haka in kana da niyyar ajiye gemu nan gaba, ka ce a tsaya a wuya kawai.