Kebul da MiFi a kwamfuta ɗaya: me ya sa intanet ke ɗaukewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai lissafi a wani shagon atamfa a Kantin Kwari. Kwamfutata tana samun sabar shagon ta kebul, intanet kuma ta MiFi. Da na soka kebul sai intanet ya ɗauke. Yaya zan yi su yi aiki tare?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Kowane layi yana ba ta ƙofar fita, wato adireshin rautar da za ta miƙa wa duk saƙon da ba na cikin gida ba. Idan ƙofa ta zama biyu, Windows yana duba lambar da ake kira metirik, ya bi mai ƙaramar lamba. Kebul ne yawanci ke samun ƙaramar, saboda ya fi sauri. Shi ya sa saƙonka ke bin rautar shago, alhali babu intanet a bayanta.

Shawarar da na fi yarda da ita: ka bar ƙofa ɗaya tak. Danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, shiga saitin IPv4 na kebul. Sa adireshi da hannunka, misali 192.168.1.50, da 255.255.255.0 a gurbin Subnet mask, amma ka bar gurbin Default gateway, wato ƙofar fita, babu komai. Ka fara tambayar mai kula da sabar adireshin da ba wanda ke amfani da shi. Muddin sabar tana jerin 192.168.1, ba ta buƙatar ƙofa.

Idan kuwa tana wani jeri, a ce 10.0.0.0, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da izinin Administrator ka rubuta wannan, idan 192.168.1.1 ne adireshin rautar shago:

route -p add 10.0.0.0 mask 255.0.0.0 192.168.1.1

Wannan -p shi ke sa saitin ya zauna ko da wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu.

Ga inda mutane suka fi shan wahala: idan rautar shago da MiFi duka suna jeri ɗaya, wannan saitin ba zai yi maka magani ba sai ka sauya jerin ɗaya daga cikinsu. MiFi na Huawei kan zo da 192.168.8.1, to wannan ba ya karo da 192.168.1.1. Rubuta ipconfig a cmd ka gani da idonka.

Kada kuma ka sa ran gudun layukan biyu zai haɗu. Wannan aikin rauta ce mai karɓar layi biyu, irin su MikroTik.