Tambaya da Amsa: Cardiff, Birnin da Kwal Ya Gina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, kuma ina shirin halartar bikin yaye su. Ina son sanin tarihin garin, da wuraren da ya kamata in fara ziyarta, domin lokacina kaɗan ne. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Yawancin baƙi da tsohuwar fadar da ke tsakiyar gari suke farawa, amma shawarata ita ce ki fara da bakin teku, domin wanda bai ga tashar jiragen ruwa ba, ba zai gane inda dukiyar da aka ƙawata fadar ta fito ba.

A ƙidayar 1801 mutanen Cardiff ba su kai 2,000 ba. Abin da ya ɗaga garin shi ne ƙarfe da kwal da ake haƙowa a kwaruruwan da ke arewa da shi, waɗanda aka riƙa saukowa da su ta hanyar ruwan da aka haƙa a 1794, daga baya kuma ta jirgin ƙasa. Iyalin Bute, masu yawancin filayen wurin, suka buɗe babbar tasharsu ta farko a 1839, kuma zuwa 1913 kwal ɗin da ake fitarwa a shekara ya haura tan miliyan 10. A 1905 aka ba Cardiff matsayin birni, amma sai a 1955 aka ayyana shi babban birnin Wales.

Jiragen ruwan da ke ɗaukar kwal ɗin suna buƙatar hannu, shi ya sa ma'aikata daga Yaman, Somaliya, Afirka ta Yamma, tsibiran Karebiyan da Norwe suka zauna a unguwar Butetown, wadda aka fi sani da Tiger Bay. Da yawa daga Larabawa da Somaliyawan aikin zuba kwal a injin jirgi suke yi, aiki mai zafi da ƙarancin lada, kuma zuriyarsu na cikin tsofaffin al'ummomin Musulmi a Birtaniya. Zaman bai kasance lami lafiya kullum ba, domin a watan Yunin 1919 an yi tarzomar wariyar launin fata da ta ci rayukan mutum uku, sannan a 1941 bama-baman Jamus suka rushe masallacinsu na titin Peel, jama'a suka sake gina shi. An rushe yawancin tsofaffin gidajen unguwar a shekarun 1960, kuma a ganina wannan babbar asara ce, domin gine-ginen 'yan kasuwa sun tsira, na leburori kuwa sun tafi.

Abin da za ki gani a yau shi ne ginin Pierhead mai jan bulo na 1897, wanda a da ofishin kamfanin tashar ne, da ginin majalisar dokokin Wales da aka buɗe kusa da shi a 2006, da ƙaramin cocin katako na matuƙan Norwe inda aka yi wa marubuci Roald Dahl baftisma. Daga wannan tasha ne jirgin Kyaftin Scott, ɗan Birtaniya mai binciken ƙasa, ya tashi a 1910 zuwa ƙuryar kudancin duniya.

Daga nan sai fada. Rumawa ne suka fara kafa sansani a wurin a ƙarni na 1, Normawa, mayaƙan arewacin Faransa da suka ci Ingila, suka ɗora hasumiyar tsaro a kan tudu bayan shekara dubu, sannan magajin Bute na uku da maginin nan William Burges suka mayar da ɗakunan wurin kallo da kuɗin kwal tun daga shekarun 1860. Kada ki wuce Ɗakin Larabawa, mai rufi da aka sassaƙa aka shafe da zinariya bisa salon ginin Musulunci, duk da cewa kwaikwayo ne na Bature mai sha'awar Gabas. Iyalin sun miƙa fadar ga jama'ar birnin a 1947.

Idan lokaci ya rage, ki je gidan tarihi na St Fagans da ke yamma da gari, inda aka kwaso gine-gine sama da 40 daga sassan Wales, gidajen manoma da na ma'aikatan ƙarfe, makaranta da shaguna, aka sake gina su dutse bayan dutse. Shiga kyauta ce, sai dai fili ne mai faɗi kuma ruwan sama ba ya sallama a Wales, don haka ki riƙe lema da takalmin da zai jure tafiya.