Amsa ga Hajiya kan takardar da kamfanin gini ya raba a unguwarsu

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yara. Idan na fahimce ki daidai, wani kamfani ne ya sayi babban filin da ya daɗe a yashe a unguwarku ta kudancin Jidda, yana neman izinin tayar da benaye masu hawa goma sha biyu a inda gidaje ba su wuce hawa huɗu ba. An raba muku takarda ta hannun cibiyar unguwa, aka ce kowa ya zaɓi biyu cikin abubuwa biyar da kamfanin zai yi wa jama'a: lambun shaƙatawa, titin motsa ƙafa, filin ƙwallo, faɗaɗa masallaci, ko wurin ajiye motoci. Ke kuma kina tambaya ko akwai amfanin cikewa tunda ku 'yan haya ne masu igama, wato katin izinin zama na baƙi, in kuma za a cike, wanne ya fi.

Ki cike, amma kada ki tsaya kan biyar ɗin nan kawai, domin wanda ya jero su ya zaɓo ne abin da zai yi kyau a hoton talla. Ni aikin famfo da magudana na tashi da shi a gine-ginen Jidda, daga baya na koma kula da gyare-gyaren benaye bayan an gama an sayar. Ina ganin gini ranar da aka buɗe shi, ina kuma ganinsa bayan kamfani ya cire allonsa ya yi gaba, mazauna sun fara kiran waya da tsakar dare.

Wani ɓangare na abin da ake kira kyauta dama haƙƙin unguwa ne. A tsarin ƙasar nan, duk wanda zai yanka babban fili ya mayar da shi wurin zama, baladiyya, wato hukumar gari, tana cire har kashi 33 cikin ɗari na filin ba tare da diyya ba, don tituna da lambuna da wuraren tsayawar mota. Sharuɗɗan izinin gini kuma sun riga sun ɗora wa mai bene tanadar wa mazaunansa inda za su ajiye motocinsu. To in kamfani ya ce a bar shi ya ƙara hawa takwas, shi kuma ya yi lambu da fakin, sai a tambaye shi: lambun nan yana cikin kason da doka ta riga ta cire ne, ko ƙari ne a kansa? In yana ciki, tuwon kwanonki aka ɗiba aka miƙo miki da sunan sadaka. Wannan tambaya ita ce ta farko da zan so ki rubuta a gurbin da aka bari na ƙarin bayani a ƙasan takardar.

Sai mu yi ɗan lissafi. Ɗauki bene ɗaya mai gida huɗu a kowane hawa. Hawa huɗu gida 16 ke nan, hawa goma sha biyu kuwa 48. Kowane gida da bayinsa biyu ko uku, da injin wanki, da na'urorin sanyaya ɗaki, da mota aƙalla ɗaya, tunda Jidda ba ta da jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda aka buɗe a Riyad a Disamban 2024. Nauyi ya ninka sau uku, bututun da ke ƙarƙashin titinku kuwa yana nan yadda aka binne shi tun lokacin da unguwar take 'yar ƙarama. Kin san yadda ruwa yake a unguwanni da yawa na garin nan: ba kullum ake sako shi ba, in ya zo sai ya cika tankin ƙasa, injin ya tura shi sama. Sabon bene tankinsa ƙato ne, kuma sau da yawa shi ne kusa da babban bututu. Shi zai fara sha ya ƙoshi, tsofaffin gidajen da ke ƙarshen layi su samu ragowa, sai ki ga kuna sayen ruwan tanka sau biyu a inda da sau ɗaya ya ishe ku. Na yi aiki a wani layi da haka ta faru, masu tsofaffin gidaje suna ta canja injin suna zargin mai gadi, alhali matsalar tana bakin titi.

Ruwan ƙazanta ya fi wannan muni. In unguwarku tana cikin waɗanda har yanzu ke dogara da rijiyar masai da motar zuƙa, to ki sani ƙasa tana da iyakar abin da za ta shanye, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jidda ba shi da nisa. Waɗanda suka daɗe a nan sun tuna tafkin Misk na gabashin gari, inda tankoki suka yi shekaru suna juye ƙazantar birnin kafin a ƙafar da shi bayan ambaliyar 2009. In kuma an riga an haɗa ku da babban bututun gari, sai a tambaya ko faɗinsa zai ɗauki ƙarin, kuma wa zai biya kuɗin canja shi.

Ga kuma ruwan sama, wanda mutumin Jidda ba ya wasa da shi. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai suna shirin fita Mina, ambaliya ta ci mutum fiye da ɗari, yawancinsu a Ƙuwaiza da unguwannin gefenta. Ta dawo a Janairun 2011. A 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin gari cikin kusan awa shida. Filin nan da kike ganin ba shi da amfani sai tara shara da karnuka, shi ne yake riƙe muku ruwa in an yi sama. Ranar da aka shafe shi da kankare, ruwan zai nemi wani wurin, kuma sabon gini a kan ɗaga shi sama da titi. Injin da ke zuƙe ruwa daga garejin ƙarƙashin ƙasa ma titi yake watso shi. Ƙofar da ta fi ƙasa ita za ta karɓa, wato ta tsohon gida. Da ni aka ba takardar nan, magudanar ruwan sama zan fara rubutawa da hannuna ko da babu ita a jerin.

Cikin biyar ɗin da suka kawo, lambu zan ɗauka, amma da sharaɗi. Lambun da babu inuwa a Jidda na dare ne kawai, rabin shekara ba wanda zai taka shi kafin magariba. Ki rubuta a fili cewa itatuwa masu inuwa kuke so, irin darbejiyar da kowa ya gani a Arfa tana jure zafin can, ba dabinon ado guda shida da ciyawar roba mai ƙona tafin ƙafar yaro ba. A sa fitilu, a sa bayi na mata daban, a shimfiɗa bututun ban ruwa tun farko. Na biyu titin motsa ƙafa, domin shi mata da tsofaffi ke mora, kuma ba a iya rufe shi da makulli. Filin ƙwallo ina da shakku a kansa. Na sha ganin an kewaye shi da waya an ba wani yana karɓar kuɗi a kan kowace awa, yaran unguwa suna leƙe daga waje. Masallaci kuwa, Allah ya sani ba raina shi nake ba, amma a ƙasar nan bai cika rasa mai gina shi don neman lada ba. In za ki taɓa maganarsa, ki nemi ɓangaren mata mai ƙofarsa da wurin alwala, shi ne abin da ake yawan ƙuntatawa. Wurin ajiye mota ba zan ɓata zaɓina a kansa ba, wajibinsu ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu igama musamman. Mu duba abin da ƙofarsa a buɗe take ga kowa. In aka ce za a gina asibitin unguwa na gwamnati, abu ne mai kyau ga 'yan ƙasa, amma yawancinmu inshorar wurin aiki ce ke kai mu na kuɗi. Inuwa da fitila da magudana ba sa tambayar kati. Ƙaramin zauren taro a cibiyar unguwa ma ya cancanci a ambata, ke kin fi ni sanin abin da ake kashewa wajen kama wurin biki ko suna.

Duk wannan ba zai tsinana komai ba in ba a san mai makulli ba. Wannan ciniki na "ƙara mini hawa in yi wa jama'a fili" ba a nan aka fara shi ba. Birnin New York na Amurka ya sa shi a dokar gininsa tun 1961, aka samu ɗaruruwan filaye irin haka a gindin dogayen benaye, mallakar masu ginin amma da sunan na jama'a ne. Da mai binciken kuɗin birnin ya bi su a 2017, ya tarar fiye da rabin waɗanda aka duba ba su cika alkawarin da aka ba su ƙarin hawa dominsa ba: wani an cire kujeru, wani gidan abinci ya mamaye, wani an kulle. Hawan da aka ƙara kuwa yana nan ana karɓar hayarsa. A nan ma na ga irinsa da idona. An zana lambu a takarda, aka kuma yi shi, amma a cikin katangar ginin, sama da garejin motoci, mai gadi ba ya barin wanda ba mazaunin bene ba ya shiga. Saboda haka ki tambaya: filin lambun za a miƙa shi ga Amanar Jidda ne, wato babbar hukumar birnin, ya shiga rajistarta, ko zai zauna a takardar mallakar kamfani? Ƙofarsa titi take kallo ko cikin gida? Wa zai biya kuɗin ruwa da wuta da mai shara bayan shekara uku? In aka ce ƙungiyar masu gidajen benen ce, wadda doka ta wajabta kafawa in masu mallaka sun kai uku, to ki sa a ranki ba za su daɗe suna biyan ban ruwan itacen da 'ya'yan wasu ke wasa a ƙarƙashinsa ba. Ko su rufe, ko su bar shi ya bushe, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kamfani yakan bar aikin jama'a zuwa "zango na ƙarshe", zangon da sau da yawa kuɗi ke ƙarewa kafin a kai shi. Inda ake kama mai gini a ƙasar nan shi ne takardar shaidar kammala gini, wadda sai da ita ake sakar masa wutar lantarki ta dindindin. Ku nemi a ɗaure alkawarin da ita: a rubuta shi cikin sharuɗɗan izini, kuma kada a ba da shaidar sai lambu da magudana sun kammala. Abin da aka faɗa a taro da shayi da dabino kawai, babu ofishin da za ki kai ƙararsa.

Game da ko muryarku za ta yi tasiri, ba zan yi miki daɗin baki ba. Takardar nan ba ƙuri'a ba ce, hukunci yana hannun Amana. Zaɓen majalisun baladiyya da aka yi a 2005 da 2011 da 2015 na 'yan ƙasa ne zalla, dandalin Istitla' kuma na jin ra'ayi ne kan daftarin dokoki, ba kan filin unguwa ɗaya ba. Mu da muka ga abin da ya faru tun ƙarshen 2021, lokacin da aka rushe unguwannin Gulail da Sabil da Kandara da Karantina da sauransu, mun san ɗan haya shi ne na ƙarshe a lissafi: mai gida ya jira diyya, shi kuwa ya ɗauki katifarsa ya tarar haya ta tashi ko'ina. Amma ma'aikacin da zai rubuta rahoto yana ƙirga takardun da suka dawo, kuma in talatin daga ciki suka ambaci magudana da kalmomi kusan iri ɗaya, dole ta fito a rahotonsa. Wanda bai cike ba, an ƙirga shi cikin waɗanda suka yarda.

Maganar haya kuwa ki shirya mata tun yanzu. Unguwa in ta yi kyau kuɗinta tashi yake, har ta kai a Riyad gwamnati ta dakatar da ƙarin haya na shekara biyar a Satumban 2025, matakin da Riyad kaɗai ya shafa lokacin da aka sanar da shi. In mai gidan da kuke haya mutumin kirki ne, maigidanki ya nemi a sabunta yarjejeniya ta shekara biyu ko uku a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, kafin a fara haƙa tushe. Ku kuma jawo mai gidan hayar cikin maganar magudana da ruwa, don gidansa ne zai jiƙe, kuma sa hannunsa ya fi naku nauyi a ofis. Sai dai ku sani yana iya murna da ƙarin hawan, yana hangen a ba shi irinsa gobe. Akwai 'yan'uwanmu Hausawa 'yan ƙasa masu gidaje a yawancin unguwannin kudu, su ne suka fi dacewa su kai wa umda, wato mai unguwa, maganar baki da baki.

Ku haɗu ku mata biyar ko goma, ku samu yarinyar da Larabcinta ya nuna ta rubuta tambayoyin a gajarce cikin ladabi, kowa ta kwafa a takardarta da hannunta. Ku ɗauki hoton takardar kafin ku mayar. Wadda takardun zamanta ba su cika ba kada ta sa suna ko lamba, ta faɗa wa wata ta rubuta. In aka fara aiki manyan motoci suka fasa bututu ko suka toshe hanyar ruwa, lambar 940 ta baladiyya kowa yana iya kira, kuma suna ba da lambar ƙorafi, ki adana ta. In sun manna zanen filin a cibiyar unguwa, ki sa maigida ya ɗauko hotonsa a turo, musamman shafin da ke nuna tsayin ƙasa da inda aka bi da bututu, zan duba in gaya muku ta wane gefe ruwan zai gangaro.