Amsa ga ƙanwata kan zancen "kowa da gaskiyarsa"

Salama, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, tun jiya da dare na ga saƙon, sai yanzu na samu sukuni, kuma abin da ke bakina ya fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ƙanwata, ke nake ba amsa, amma duk wanda ke zauren nan ya kasa kunne.

Kin ce abokiyar karatunki ta ce miki babu wata gaskiya guda da ta hau kan kowa, kowa da tasa, wai bangaskiyarki gaskiya ce a wurinki, ita ma tata gaskiya ce a wurinta, kika rasa ta cewa. To ni yadda na ji muryarki, ba shakka kike yi ko akwai gaskiya ba. Kunya ce ta kama ki. An sa kin ji kamar duk wanda ya ce abu kaza haka yake, girman kai yake yi. Wannan ce tambayar, ita zan amsa.

Amma da farko, gobe in kun haɗu, ki tambaye ta a hankali, ba da faɗa ba: wannan maganar da kika faɗa, cewa babu gaskiyar da ta hau kan kowa, ta hau kaina ni ma? In ta ce e, to ga gaskiya guda ta samu wadda ta hau kan kowa, ta yi tufka ta warware da hannunta. In ta ce a'a, tata ce kawai, to madalla, me ya sa take son ki karɓa? Kuma kada ki ɗauka sabon abu ne. Furotagoras, wani Bahelene, shi ya ce mutum ne ma'aunin kowane abu, Filato kuwa, masanin falsafa na Helenawa, ya ba shi irin wannan amsar fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Tsohuwar riga ce, guga kawai aka sake mata.

Ni wannan maganar tana sosa mini inda ke mini ciwo. Ina aji biyu a jami'a muka yi wani malami, ba zan kama suna ba. Kullum in ya shigo sai ya ajiye jakarsa a kan tebur, ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya ce mana gaskiya ƙirƙirar al'umma ce, babu daidai babu kuskure, fahimta ce kawai ta bambanta. Zangon karatu guda muna jin wannan. Jarrabawa ta zo, na rubuta abin da na yarda da shi, na kawo hujjojina, shafi huɗu cif. Takarda ta dawo, ya ja layi da jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe wai ban fahimci darasin ba. Ban fahimta ba! Na bi shi ofis, na ce ranka ya daɗe, ai kai ka koya mana babu kuskure, wannan fahimtata ce, yaya aka yi ta zama kuskure? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce kada in kawo masa raini. Na ce to a ƙara mini maki mana, tunda a gaskiyata na ci. Ya nuna mini ƙofa. Har yau takardar tana cikin akwatina. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, mutumin nan in albashinsa ya zo da gibi ba ya cewa ai akanta ma da tasa gaskiyar, takarda yake ɗauka ya je ya tsaya a kansu sai an gyara. Shekara nawa yanzu, amma in na tuna jan biron nan... to, bari dai. Allah ya ba shi lafiya in yana raye.

Ina na tsaya? Yauwa. Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai abin da yake, akwai kuma sanin da muka yi masa. Saninmu yana da gibi, yana canzawa, wani lokaci ma mu duka mu taru mu yi kuskure. Amma kalmar kuskure ɗin kanta ba ta da ma'ana sai in akwai abin da aka kuskure.

Ga misalin da nake so, waɗanda suka san ni sun gaji da jin sa. A babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya, akwai ɗakunan haihuwa kashi biyu. Ɗaya likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, ɗaya ungozomomi. Mata suna ta mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɓangaren likitoci fiye da na ungozomomi nesa ba kusa ba, har mata kan yi roƙo kada a kai su can. Wani likita ɗan ƙasar Hangare, Semmelweis, ya lura cewa likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su zo su taɓa masu naƙuda. A 1847 ya sa dokar kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu na shekarar, wajen 18 cikin 100 na matan ɓangaren suka mutu. Bayan an fara wanke hannu, abin ya sauko wajen 2 cikin 100. Kin san me manyan likitocin zamanin suka yi? Da yawansu suka ƙi yarda. Mutumin ya ƙare a gidan masu taɓin hankali, ya mutu a 1865. To ki tambayi abokiyarki, a shekarun da masana suka haɗu a kan cewa hannunsu ba shi da laifi, gaskiyar wa ke kashe matan nan? Ƙwayar cuta ba ta jira a kaɗa ƙuri'a ba. Ba ta san sunan farfesa ba.

Za ta ce miki wannan kimiyya ce, ita addini da ɗabi'a take nufi. A nan ne ake kawo labarin makafi da giwa, wanda ya taɓa ƙafa ya ce ginshiƙi ce, wanda ya taɓa kunne ya ce mafici ce, wai haka addinai suke. Lesslie Newbigin, wanda ya yi shekaru da yawa yana aikin bishara a Indiya, ya yi tambayar da ta kashe labarin: shi mai ba da labarin, a ina yake tsaye? Ai sai wanda ya ga giwar gaba ɗaya ne zai iya cewa kowannensu ɓangare ya taɓa. Wato ya mai da mu duka makafi, shi kaɗai ne mai ido. Ke kuma aka ce kina da girman kai! Kuma ko a cikin labarin, giwar tana nan, giwa ce.

A'a, bari in gyara, kada in yi mata rashin adalci. Akwai abubuwan da lalle kowa da nasa. Ni na fi son shuɗi, ke kin fi son ja, babu mai laifi. Kuma akwai dalilin da ya sa mutane ke gudun kalmar gaskiya, an sha dukan mutane da ita, mu Kirista ma hannunmu ba fari tas yake ba a tarihi. Wannan na yarda. Amma duba, in kika ce abin da aka yi musu mugunta ne, kin riga kin tsaya a kan wani ma'auni da ya hau kan wanda ya yi da wanda aka yi wa. Lokacin da Wilberforce, wani ɗan majalisa, ke fama a majalisar Ingila har aka hana cinikin bayi a 1807, dokar ƙasa da aljihun manya duk suna gefen cinikin. In al'umma ce ke ƙera gaskiya, to shi ne mai laifi, 'yan kasuwar bayin su ne a kan daidai. Akwai mai iya faɗin haka da bakinsa? Wanda aka zalunta ba shi da abin riƙewa sai cewa abin da aka yi masa ba daidai ba ne, ko da duniya duka ta ce daidai ne. Ki ƙwace masa wannan, kin bar shi da mai ƙarfi.

To mu a matsayinmu na masu bi, daga ina muka ce gaskiyar nan ta samo tsayuwarta? Agustin, bishop na Hippo, a inda Aljeriya take yanzu, shi ma ya taɓa faɗawa cikin masu cewa ba a iya sanin komai tabbas. Da ya tuba a shekara ta 386, cikin abubuwan farko da ya rubuta akwai martani a kansu. Daga baya ya ce ko da ruɗuwa nake yi, ai sai ina nan kafin in ruɗu. Ya kuma kawo lissafi: bakwai da uku goma ne, ba yau kaɗai ba, kullum. Ba ni na sa ya zama goma ba, ba ke ba ce, ba mu gyara shi, shi ke gyara mu. To abin da ba ya canzawa, yana bisa hankalina da ke canzawa kullum, a ina yake zaune? Agustin ya ce a wurin Allah. Toma Akwinas, malamin tauhidin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya ce gaskiya ita ce dacewar hankali da abin da yake. Namu hankalin shi ke bin abu ya daidaita da shi, abin kuma ya samu yadda yake ne daga hankalin wanda ya halicce shi. Shi ya sa duniya take fahimtuwa, shi ya sa lissafin da ke kan ɗan Adam yake aiki a kan taurari.

Kin ga ke nan zancen girman kai ya juye. In gaskiya tana wajena, tana gabana, to ana iya gyara ni, yaro ƙarami ma zai iya cewa Yaya, ka yi kuskure, in sunkuyar da kai. Wanda ya ce gaskiyarsa tasa ce, wa zai gyara shi? Manzo Bulus da kansa ya ce yanzu muna gani ne kamar a madubi, dishi-dishi, saninmu kaɗan ne. Amma shi ɗin dai, a 1 Korintiyawa 15, ya ce in ba a ta da Almasihu daga matattu ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce. Bai ce in dai tana sanyaya muku zuciya ku riƙe ba. Ko kabarin nan babu kowa a ciki, ko akwai. Saboda haka in ta ce miki gaskiya ce a wurinki, tana ganin kara ta yi miki, amma abin da ta ba ki Bulus ya riga ya ƙi karɓa.

Sai Bilatus. Ku buɗe Yohanna 18, aya ta 37 da 38. Yesu ya ce ya zo duniya ne domin ya shaidi gaskiya, Bilatus ya ce, mece ce gaskiya? Mutane suna karanta wannan kamar wani zurfin tunani ne. Ku karanta abin da ya biyo baya a ayar. Bai jira amsa ba, ya fita waje ya ce wa jama'a bai sami mutumin nan da laifin komai ba. Ashe ya san gaskiya guda, ya ma faɗe ta da bakinsa. Sannan ya sa aka yi masa bulala, ya miƙa shi a gicciye. Kujerarsa yake tsoro, ba falsafa ke damunsa ba. Ban ce abokiyarki haka take ba fa, kada a je a ce na ce. Wataƙila wani ne ya taɓa ƙona ta da sunan addini, ki fara tambayarta wannan kafin ki jefa mata Filato.

Akwai maganar Ibn Sina da na so in kawo, a kan wanda ya musa cewa abu da kishiyarsa ba sa zama gaskiya tare, amma tana da zafi, kuma muryar nan ta yi tsawo, na ga ta haura minti tara. Wani ya tuna mini ranar Lahadi, in zo da takardar jan biron nan ma ku gani da idonku.