Amsa ga Hajiya kan itatuwan da mabiya addinin Hindu ke girmamawa

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa jinyar ta zama kaffara. Kin ce lokacin da kika raka ta asibiti a Indiya kin yi ta ganin manyan itatuwa a bakin titi an nannaɗe su da zare, an shafa musu jan gari, an jera fitilu a gindinsu, sannan a gidan da kuka sauka akwai wani ɗan tsiro mai kama da ɗoɗɗoya wanda matar gidan ke yi wa hidima safe da yamma. Tambayarki ita ce ko itacen suke bauta wa kai tsaye, ko kuwa abin irin wanda ake faɗa a wajenmu ne, cewa iskoki na zama a tsamiya ko a kuka. Na yi shekara biyar a birnin Pune da ke jihar Maharashtra ina karatun haɗa magunguna, uku daga ciki ina haya a saman gidan wasu mabiya addinin Hindu. Ni Musulmi ne, ban taɓa shiga ibadarsu ba, amma na zauna da su na gani, na kuma yi tambaya an ba ni amsa, kuma ina ganin haƙƙinsu ne a kaina in faɗi abin yadda yake.

Babban bambancin da na lura da shi shi ne, a wajenmu itacen da aka ce yana da iskoki gudunsa ake yi, ana hana yara zuwa gindinsa da tsakar rana ko da almuru, amma su jawo itacen suke yi zuwa tsakiyar rayuwarsu. Ba kuma kowane itace ba ne, domin kowanne akwai abin bautar da aka jingina shi gare shi, da ranar da ake zuwa wajensa, da buƙatar da ake kai masa.

Tsiron da kika gani a tsakar gida sunansa tulsi, kuma idonki bai yaudare ki ba, ɗan uwan ɗoɗɗoya ne na kusa. Iri biyu aka fi shukawa, mai koren ganye da suke kira Rama tulsi da mai duhun ganye da suke kira Krishna tulsi, kuma idan aka murza ganyen za a ji ƙamshi mai kama da na kanumfari saboda sinadarin yujinol da ke cikinsu duka. Ana gina masa ɗan dakali mai kusurwa huɗu da ake kira vrindavan, da wani ɗan gurbi a jikinsa inda ake ajiye fitilar mai. Matar mai gidanmu, wadda muke kira Kaku, wato inna da harshen Marathi, ba ta karyawa da safe sai ta yi wanka ta zuba wa tsiron ruwa ta kewaye shi, da faɗuwar rana kuma ta kunna masa fitila. A shekara ukun nan ban ga ranar da ta tsallake ba, in kuma za ta yi tafiya sai ta damƙa wa surukarta aikin kamar yadda ake barin amanar jariri.

A watannina na farko na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Mura ta kama ni, na sauko bayan magariba da takalmi a ƙafata na tsinki ganyen da yawa zan dafa, domin a idona ganyen magani ne kawai. Kaku ba ta ɗaga murya ba, amma na ga yadda fuskarta ta sauya, ta zo ta shafa tsiron tana magana ƙasa-ƙasa. Washegari ta haɗa mini shayi da citta da ganyen da ta tsinka da hannunta, sannan ta zaunar da ni ta ce ba a tsinkar tulsi bayan faɗuwar rana, ba a kusantarsa da takalmi, kuma kafin a cire ganye sai an nemi afuwarsa. Na ba ta haƙuri ta karɓa, kuma daga ranar ne ta fara bayyana mini abubuwa ba tare da na roƙa ba.

Ita ce na fara yi wa irin tambayarki. Ta ce mini tulsi uwa ce, abar ƙaunar Vishnu ce, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, kuma hadayar da aka kai wa Vishnu ba ta cika sai an ɗora ganyenta a kai. Da na tambayi ɗanta, wanda injiniya ne, sai ya ce shi a ganinsa alama ce, magabata ne suka lulluɓe tsiro mai amfani da rigar addini don kada a wulaƙanta shi. Wani malaminsu da ke zuwa gidan yin addu'o'i kuma ya ce abin bauta ɗaya ne yake bayyana a cikin komai, itacen ƙofa ce kawai. Gida ɗaya, amsa uku, kuma ba wanda ya ƙaryata ɗan uwansa. Don haka duk wanda ya ba ki amsa da "e" ko "a'a" kawai ya taƙaita. Sai dai ban yarda da masu cewa duk abin hikimar magani ce aka ɓoye ba, domin abin da na ga Kaku na yi ibada ce, ita ma haka ta ɗauke shi, kuma rage shi zuwa batun magani rashin adalci ne gare ta.

Abin da ya fi nuna mini matsayin tsiron nan shi ne bikin da suke kira Tulsi Vivah, a watansu na Kartik, wanda ke faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, jim kaɗan bayan bikin fitilu na Diwali. Aure ake ɗaura wa tsiron da Vishnu, wanda ake wakilta da siffar Krishna ko da wani baƙin dutse mai suna shaligram da ake samowa daga kogin Gandaki a Nepal. An ɗaura wa tulsin gidanmu ƙyalle irin na amarya, an sa mata awarwaro, an kafa rake a gefe, an riƙe mayafi tsakanin ango da amarya ana rera baitocin aure, daga ƙarshe aka yaye mayafin aka watsa shinkafa, daidai yadda suke yi wa 'ya'yansu. Sai bayan wannan ne lokacin aurarraki ke buɗewa a shekara. Haka kuma kowace damina, wajen watan Yuni ko Yuli, ayarin masu ziyara da ake kira Warkari yana ratsa Pune a ƙafa daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, tafiyar kusan mako uku, kuma za ki ga mata da yawa ɗauke da tukunyar tulsi a ka tun daga farko har ƙarshe. Carbin da ke wuyansu daga itacen tulsi aka sassaƙa shi, wanda ya rataya shi kuwa ya yi alkawarin barin nama da giya. Ko a bakin mutuwa, ganyen tulsi da ɗigon ruwan kogin Ganga ake sa wa mutum a baki.

Itatuwan da kika gani da zare kuwa, mafi yawansu ɗayan biyu ne, kuma dukansu dangin ɓaure da ceɗiya da gamji ne. Na farko shi ne wanda ake kira vad da Marathi, bargad da Hindi, mai saiwoyin da ke saukowa daga rassa su kafu a ƙasa su zama sababbin gindaye, kuma shi ne itacen ƙasa na Indiya. Akwai guda a lambun tsirrai na Howrah kusa da Kolkata wanda aka cire ainihin gindinsa tun 1925 saboda ruɓewa, amma har yau yana raye a kan dubban saiwoyinsa, kuma irin wannan ne ya sa suke ganinsa alamar tsawon rai. A ranar da farin wata ya cika haske a watansu na Jyeshtha, wajen Mayu ko Yuni, matan aure a Maharashtra sukan yi azumi su ci ado su je gindinsa, su kewaye shi sau bakwai suna naɗa farin zare, suna roƙa wa mazajensu tsawon kwana. Tushen abin labarin Savitri ne da ke cikin Mahabharata, tsohon littafinsu na labaran magabata, matar da ta bi Yama, abin bautarsu na mutuwa, tana yi masa magana cikin hikima har ya mayar mata da ran mijinta Satyavan. Zaren da kika gani watanni bayan bikin, ragowar wannan rana ce.

Na biyu shi ne pipal, wanda ganyensa ya yi kama da na durumi ƙwarai, sai dai yana da dogon wutsiya a baki. A babi na 10 na Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafansu masu tsarki, Krishna ya ce a cikin itatuwa shi ne ashvattha, wato pipal, kuma girmama shi ya daɗe sosai, domin an ga hoton ganyensa a hatiman tsohon birnin Mohenjo-daro masu shekaru fiye da 4,000. A gindin irinsa ne mabiya addinin Buddha suka ce Buddha ya sami wayewa a Bodh Gaya. Ranar Asabar aka fi kunna masa fitila. A nan ne kawai na ga abin da ya yi kusa da namu, domin a ƙauyuka da yawa ana cewa fatalwa na zama a kansa, ana kuma guje masa da dare. Tsuntsaye sukan yar da irinsa a tsagin bango ya tsiro ya fasa gini, kuma da hakan ta faru a gidanmu, mai gidan ya yi watanni yana jinkiri kafin ya nemo wani daga waje ya cire shi, shi kuwa bai tsaya a wurin ba.

Sauran kuma ganye ne ko ciyawa da ake kai wa wani abin bauta na musamman. Shiva ana kai masa ganyen bel mai rassa uku, musamman a watan Shravan da daren Maha Shivaratri. Ganesha, wanda bikinsa ya fi kowanne girma a Pune, ana kai masa durva guda 21, kuma durva ba komai ba ce illa kiri-kiri da awakinmu ke ci. Ganyen mangwaro ana rataya shi a ƙofa ranar biki, ayaba kuma ana kafa ta a wurin ɗaurin aure. Dogonyaro, wanda asalinsa daga can ne aka kawo mana shi a zamanin mulkin mallaka, an jingina shi ga abubuwan bautarsu Shitala a arewacin Indiya da Mariamman a kudanci, waɗanda suke dangantawa da agana da ƙarambau, shi ya sa ake shimfiɗa wa mai ciwon ganyensa. Ranar sabuwar shekarar Maharashtra, Gudi Padwa, ana tauna ganyensa da mazarƙwaila, kuma siffofin babban wurin bauta na Jagannath a Puri da itacensa ake sassaƙa su, an sabunta su a 2015.

Akwai tambayar da ni kaina na daɗe ina juyawa, wato ko wannan girmamawa tana kare itatuwa. A wasu wurare tana karewa ƙwarai. A tsaunukan yamma da Pune na shiga kurmin da ake kira devrai, daji ne da ƙauye ya keɓe wa abin bautarsa, ba a sara ba a ɗibar itacen wuta, kuma da ƙafa ɗaya za ka fita daga tsaunin da aka aske ka shiga duhuwa mai sanyi da manyan itatuwa. A Rajasthan kuma, a ƙauyen Khejarli kusa da Jodhpur, a shekarar 1730 mutum 363 'yan al'ummar Bishnoi, Amrita Devi a gabansu, suka rungume itatuwan khejri aka kashe su a kai, lokacin da ma'aikatan sarki suka zo sara. Amma a cikin birni na ga akasin haka, kuma ya dame ni. Ana gobe bikin vad kasuwa kan cika da rassansa da aka sassare, saboda matan da ke zaune a dogayen benaye su yi ibadarsu a ɗaki, kuma na ga an kayar da tsofaffin itatuwan vad a aikin faɗaɗa titi, wasu da zarensu a jiki.

Tunda kin ce za ku koma ganin likita, Hajiya, ga abin da zai sauƙaƙa miki zama da su. Kada ki tsinki tulsin gidan da kuka sauka, ki roƙi matar gidan, za ta ba ki da murna idan da rana ne. Kada ki shanya kaya a kan dakalinsa ko ki zubar da ruwan wanke-wanke kusa da shi, kuma idan kuna neman inuwa a bakin asibiti kuka ga itace mai zare da fitila, ku zauna daga gefe ba tare da hawa dakalin da takalmi ba. Idan aka miƙo miki abincin da aka kai wurin bauta, wanda suke kira prasad, kika ga ba za ki ci ba saboda addininki, ki yi godiya ki faɗi dalilinki a hankali. Na yi hakan sau da yawa a gidan Kaku, kuma daga baya ita da kanta take ware mini nawa kason tun a madafa kafin ta kai sauran gaban abin bautarta.