Tambayi Likita: Zuciya Mai Kauri, Hannun Da Aka Yanke, Da Sauran Tambayoyinku

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonni sun taru, don haka na tsinto waɗanda amsarsu ke komawa tushe ɗaya. Jikin babban mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Tun 1858 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya kafa hujjar cewa cuta daga waɗannan ƙwayoyin take somawa. Idan aka matsa musu sukan sauya kama don su jure, idan matsin ya fi ƙarfinsu su jikkata, idan ya ɗore su mutu. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu tambaya.

Likita, shekarata 54, ina kasuwanci a Sabon Gari. An yi mini hoton zuciya an ce bangonta ya yi kauri saboda hawan jini. To ni ba na jin ciwon komai, kuma a sanina tsoka in ta yi kauri ai ƙarfi ta ƙara. Mene ne abin damuwa?

Alhaji, tambayarka da hankali a ciki. Dantsen ɗan dako yana kauri saboda aiki, kuma abin da ya sami zuciyarka ke nan tun farko. Ƙwayoyin tsokar zuciya kusan ba sa hayayyafa bayan an haifi mutum, saboda haka in aiki ya yi musu yawa ba su da wata dabara sai kowace ta ƙara girma. Hawan jini kuwa aiki ne mai nauyi, domin zuciya tana tura jini ne cikin jijiyoyin da ke turjewa, bugu kusan dubu ɗari a kowace rana. Ɗan dako yakan sauke kaya ya huta. Zuciya ba ta da wannan gatan.

Bangon ɗakin hagu na zuciya, wanda ke harba jini zuwa duk jiki, ga mai lafiya kaurinsa wajen santimita 1 ne. Ga wanda hawan jini ya daɗe yana ci, yakan kai 1.5, wani lokaci har 2, kuma zuciya mai nauyin giram 300 takan haura 500. Abin da ke ɓata lissafin shi ne ƙananan jijiyoyin da ke shayar da tsokar ba sa ƙaruwa daidai da ita. Nama ya ƙaru, abincinsa bai ƙaru ba. Sannan bangon da ya yi kauri yakan sandare, ba ya sakewa sosai ya karɓi jini. A hankali wasu ƙwayoyin su riƙa mutuwa, tabo ya maye gurbinsu, shi kuwa tabo ba ya bugawa. A nan ne mutum zai fara haki in ya hau bene, ya kasa barci sai ya tara matasan kai, ƙafafu su kumbura. Sai ka ji 'yan'uwa na cewa ciwon farat ɗaya ya zo, alhali zuciyar ta shekara da shekaru tana fama ita kaɗai.

Rashin jin ciwon da ka faɗa alama ce ta cewa har yanzu kana da sarari. Idan aka sauke awon jinin ya dawo ƙasa da 140/90 ya zauna a nan, kaurin yakan ragu. Ka riƙa shan maganinka kullum, kada ka jira sai kai ya sara. Ka gaya wa Hajiya ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin yajin tsire da kilishi.

Likita, ɗan maƙwabcina a cikin gari ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu. An kai shi wajen maɗori. Bayan kwana biyar yatsun suka yi baƙi, da aka je asibiti sai aka yanke hannun. Me ya sa likitoci ke gaggawar yanka? Babu allurar da za ta farfaɗo da hannun ne?

Malam, Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ba iyayensa juriya. Babu irin wannan allurar, a Zariya ko a Ingila. Bari in yi bayani dalla-dalla, domin wannan na cikin abubuwan da suka fi ci mini rai a aikin nan.

Kowace ƙwayar halitta tana da 'yan famfuna a fatarta da ke fitar da gishiri waje ba tsayawa. Ƙarfin da ke juya su daga iskar oksijin yake samuwa, jini ne kuma ke kawo ta. Da zarar jini ya yanke, famfunan sai su tsaya, gishiri ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Har zuwa nan ana iya gyara: in jini ya dawo, sai ta saɓe ta ci gaba da aiki. Amma in aka daɗe, fatar ƙwayar takan yage, sinadaran da ke cikinta su narkar da ita. Kamar katangar ƙasa ce a markar Agusta. In ruwa ya ɗauke da wuri sai ta bushe ta tsaya, in kuwa ya zarce har ta zube, fitowar rana ba za ta tayar da ita ba.

Haƙurin sassan jiki ba ɗaya ba ne. Ƙwaƙwalwa minti 3 zuwa 5 take jurewa. Tsokar zuciya takan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30. Tsokar hannu da ƙafa ta fi su haƙuri, takan kai awa 4 zuwa 6. Ka ga ana maganar awoyi ne, yaron kuwa ya yi kwana biyar.

Karaya takan kumbura, kumburin kuma ƙaruwa yake a kwana biyu ko ukun farko. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wajen zuwa sai ciki, sai ya matse jijiyoyin jini. Gwiwar hannun yara ta fi ko'ina hatsari, don babbar jijiyar jini a gaban ƙashin take wucewa. Hannu kuma ba ya mutuwa shiru. Yaro zai yi ta ihu fiye da yadda karaya ke sawa, musamman in an miƙe masa yatsu. Yatsun su kumbura, su yi sanyi, ya ce ba ya jin su. Abin takaici, a daidai wannan lokacin ne ake ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. In kukan ya lafa daga baya sai a yi hamdala, alhali jijiyoyin jin zafin ne suka mutu.

Naman da ya mutu yakan ruɓe, ƙwayoyin cuta su cika shi, dafin ya bi jini ya taɓa ƙoda da sauran jiki. A wannan matakin likita ba ya zaɓa tsakanin hannu da rashinsa, tsakanin hannu da rai yake zaɓa. Ba na cewa duk maɗora haka suke, akwai masu sanin iyakarsu, su ce a tafi a ɗauki hoto tukuna. Amma duk wanda aka yi wa ɗori a gidanku kuka ga alamun nan, a kwance ɗaurin nan take, a kama hanyar Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko da tsakar dare ne.

Likita, an cire mini siminti bayan wata biyu, sai na ga ƙafar ta rame ta zama rabin 'yar'uwarta. Ta shanye ke nan? (Daga wani matashi a Tudun Wada)

A'a, ƙanena, ba ta shanye ba. Tsokar da ba ta aiki takan rage jiki, domin jiki ba ya ciyar da abin da ba a amfani da shi. Ƙwayoyin suna nan da ransu, ƙanƙancewa suka yi. Ka je sashen gashin ƙashi su koya maka motsa ta, ka riƙa takawa gwargwadon yadda aka ba ka izini, ka ci wake da ƙwai da kifi. Cikowar takan ɗauki lokaci fiye da ramewar, kada ka ƙosa. Wadda ke da wuyar dawowa ita ce tsokar da jijiyar motsinta ta mutu, irin ta shan-inna, taka kuwa ba haka ba ce.

Likita, 'yata ta haihu kwana ashirin ke nan. Ina yi mata wankan jego safe da yamma, ina dama mata kunun kanwa don mahaifa ta koma. Mijinta ɗan boko ne, ya ce a daina. Wa ke da gaskiya? (Daga wata kaka a Kwarbai)

Hajiya, barka da arziki, Allah Ya raya. Mahaifa abin mamaki ce. Kafin ciki nauyinta bai wuce giram 70 ba, a watan haihuwa takan kai kilo 1, yawanci saboda ƙwayoyin tsokarta sun yi girma ninkin-ba-ninkin. Bayan haihuwa da kanta take komawa cikin mako shida, wato dai kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ƙiyasta. Abin da ke taimaka mata shi ne shayarwa, don tsotson jariri na sa ta tsuke. Shi ya sa mai jego ke jin ciwon mara in ta sa yaro a nono. Kanwa ba ta da hannu a wannan aikin.

Inda kanwa ke da hannu shi ne zuciya. A lokacin ciki jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya ta yi watanni tana ɗauke da wannan nauyin. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya gudu. A nan garin namu na Zariya aka yi fitaccen bincike a kan haka. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, suna Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin masu jegon da zuciyarsu ta gaza, suka danganta yawan abin da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya yi daga baya a Kano ya nuna cewa rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam su ma suna da nasu kason.

Ni dai shawarata, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, a dama kunu a bar kanwar, a ƙara mata nama da ƙwai da ganye. In kin ga tana haki, tana tari da dare, ko ƙafafu sun kumbura, kada a jira arba'in. Surukinki na da gaskiya a wannan karon, sai dai ba sai kin faɗa masa ba.

Likita, ni ɗaliba ce a Samaru. Malaminmu ya ce ƙwayoyin jikinmu na mutuwa kullum ko da muna lafiya. Yaya za a yi hakan ya zama lafiya?

'Yata, malaminku ya faɗi daidai. Mutuwar ƙwayar halitta iri biyu ce. Akwai ta hatsari, irin wadda na bayyana a hannun yaron nan: ƙwayoyi da yawa su kumbura su fashe tare, abin cikinsu ya zube, wurin ya yi zafi da kumburi. Akwai kuma ta tsari, inda ƙwaya guda ke karɓar umarni, ta tsuke, ta yayyanka kanta ƙanana, maƙwabtanta su haɗiye, ba zafi ba kumburi. Masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, su suka fayyace wannan a 1972 a Jami'ar Aberdeen.

Da ita aka sassaƙa ki. Hannun ɗan tayi a makonnin farko a haɗe yake, sai ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu suka mutu yatsun suka rabu. Shimfiɗar cikin hanjinki tana sabuntawa duk kwana 3 zuwa 5. Ƙwayar da ta lalace ta yadda ba ta gyaruwa, akwai wani mai gadi a cikinta da masana ke kira p53, shi ke ba ta umarnin ta mutu kafin ta haifi irinta. A kusan rabin cututtukan daji, in aka bincika sai a tarar wannan mai gadin ne ya lalace. Ƙwayar cutar daji, wato kansa, ita ce wadda aka ce ta mutu ta ƙi.

Likita, na shekara ashirin ina shan taba, kullum da asuba sai na yi tari da kaki. In na bari yanzu akwai amfani, ko aikin gama ya gama? (Daga wani direba a Kwangila)

Malam, akwai amfani sosai. Hanyoyin iskar huhu an shimfiɗe su da ƙwayoyi masu 'yan gasu da ke share majina da ƙura zuwa sama. Hayaƙi na ƙona su, sai jiki ya musanya su da wasu masu tauri irin na fata. Waɗannan suna jure hayaƙin amma ba sa shara, shi ya sa kaki ke kwana a ƙirjinka. In aka ci gaba, daga cikinsu ne cutar kansa ke tsirowa. In aka daina, masu gashin sukan dawo cikin watanni, har tarin ya ɗan ƙaru da farko saboda shara ta kankama. Bayan shekara 10 da bari, hatsarin mutuwa da kansar huhu yakan sauka zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha. Shisha ma ba mafita ba ce, hayaƙi ne.

Amma tari irin naka ba a barinsa da zato. In ka ga jini a kaki, ko rama, ko gumin dare, ko muryarka ta dishe ta ƙi washewa, ka je a yi maka gwajin kaki da hoton ƙirji. Cibiyar tarin fuka da ke Saye na nan kusa da kai, maganin tarin fuka kuma kyauta gwamnati ke bayarwa.